Mu da Core i7

A wajenmu kwamfuta iri biyu ce a duniya: akwai Core i7, akwai kuma tarkace. Yaro zai ji an ce ana samun dala a harkar kodin, ya yi rajistar 3MTT ko ya fara bin darussan YouTube da datar dare, sai ya zo majalisa bayan isha'i, ya rage tsawo a gefen tabarma ya ce shawara yake nema, laftof zai saya. Kafin ya rufe baki mutum uku sun amsa masa a tare: "Ka nemi i7." A cikin ukun nan ɗaya tela ne, ɗaya ɗan adaidaita sahu, na ukun shi ne mai kwamfuta a cikinsu, amma aikin da take masa bai wuce kallon fassarar Indiya da tura waƙa a memori ba. Babu wanda ya tambayi yaron irin manhajar da yake son rubutawa, ko nawa ya tara, ko a gidan wa zai riƙa caji. An gama shari'a, a zubo shayi.

Masu shago kuwa sun karance mu tsaf. Ka shiga Titin Beirut a Kano, ko Banex a Abuja, ko ka niƙi gari har Computer Village ta Ikeja, karatun ɗaya ne. "Yallaɓai, i7 ce fa, 'yar Landan, ko sukundireba ba ta taɓa gani ba." A juyo maka da ita ka ga shuɗiyar sitika a ƙasan madannai tana ƙyalli. Mu kuma mu shafa sitikar da ɗan yatsa, mu gyaɗa kai irin na masana, mu shiga ciniki. Ban ce mai shagon ya yi ƙarya ba, sau da yawa i7 ɗin ce da gaske. Abin da bai faɗa ba, mu ma ba mu tambaya ba, shi ne ta wace shekara ce.

Kamfanin Intel ya fito da sunan Core i7 tun ƙarshen 2008. Daga lokacin kusan duk shekara sai an yi sabon zubi, wanda 'yan kasuwa ke kira janareshan, kuma kowane zubi da nasa i3 da i5 da i7. Sunan matsayin firosesa yake nunawa a tsakanin sa'o'inta, ba ya faɗin shekarunta. Shekarun suna cikin lambar nan da ke biye, wadda muke tsallakewa saboda ba ta da daɗin faɗa. i7-4600U 'yar zubi na 4 ce, ta 2013. i5-8250U zubi na 8, ta 2017. Idan lambar ta fara da 10 ko 11 ko 12, biyun farko ake ɗauka, don haka i5-1135G7 zubi na 11 ce, ta 2020, ba na ɗaya ba kamar yadda wani ya taɓa rantse mana.

To ga inda abin yake ba ni dariya. A cikin kowace firosesa akwai cibiyoyi, kowace cibiya tana riƙe nata aikin daban. Duk i7 ta laftof mai harafin U a ƙarshe, daga zubi na 7 zuwa baya, cibiyoyi biyu gare ta. Biyu rak. A zubi na 8 aka ninka, i5-8250U ta zo da huɗu. Wanda ya ƙara kuɗi ya ɗauko i7-7500U saboda suna, ya bar i5 ta zubi na 8 a kan kanta, ya biya tsada ne ya tafi da rabin cibiyoyin. A kwamfutar tebur ma haka ne: i3-12100 ta 2022 cibiyoyi huɗu gare ta, daidai da i7-4770 ta 2013, kuma ta yi mata fintinkau a gudu. Amma ka zo majalisa ka ce i3 ka saya, ka ga yadda za a yi maka jaje, har da mai cewa Allah ya mayar da alheri.

Ba tausayinmu ne ya kama Intel a 2017 ba. Ya yi kusan shekara goma yana sayar wa jama'a cibiyoyi huɗu a kwamfutar tebur, yana ɗan ƙara gudu kaɗan-kaɗan, saboda ba shi da kishiya. Sai kamfanin AMD, wanda Lisa Su ta karɓi ragamarsa a 2014, ya fito da Ryzen a watan Maris na 2017, ciki har da Ryzen 7 1800X mai cibiyoyi 8 a kan dala 499. Kafin shekarar ta ƙare Intel ya sako i7-8700K mai cibiyoyi 6. Duniya ta ji labari, mu kuwa har yau muna kan karatun da muka gada: "AMD zafi gare ta." Zancen yana da asali, waɗancan E1 da A4 da A6 da aka riƙa cusawa a laftof masu araha sun gasa wa mutane aya a hannu. Amma Ryzen wani gini ne daban. Mai shago ko ya san Ryzen 5 ɗin da ke gabansa ta fi tsohuwar i7 ɗin da ke kusa da ita, ba zai ɓata yawunsa ba, tunda i7 muka zo nema.

Kada kuma a ɗauka AMD waliyyi ne wajen raɗa suna. Ryzen 5 7520U ta fi 5600U girman lamba, amma cibiyoyi huɗu gare ta a kan tsohon tsarin Zen 2, ita kuwa 5600U shida ne a kan Zen 3. Shi ma Intel tun Disambar 2023 ya fara cire harafin i ɗin gaba ɗaya, sababbin suna zuwa da Core Ultra 5 da 7 da 9, lissafin zubi kuma ya koma farko. Ranar da waɗannan suka cika kasuwa a matsayin 'yan Landan, akwai kallo.

Akwai wani dalilin da ya sa zubi na 8 ya zama iyaka. Windows 11, da ta fito a Oktoban 2021, a hukumance ba ta karɓar firosesar Intel da ke ƙasa da zubi na 8, in ban da 'yan tsiraru, haka ma Ryzen ta farkon fitowa. Microsoft kuma ya janye hannunsa daga Windows 10 ranar 14 ga Oktoba, 2025. Ofisoshin Turai da Amurka ba sa son zama da abin da aka daina yi wa gyaran tsaro, sauke su suke yi, kuma ba sai na faɗi tashar da kwantenar ke nufa ba. Ga EliteBook 840 G3 da Latitude 'yan zubi na 6 nan jere a kanta, fes da su, farashi mai daɗi. Muna da injiniyoyin da za su ɗora maka Windows 11 ko a kan rediyo ne, ta ɓarauniyar hanya, amma babu mai yi maka alkawarin sabuntawa za ta ci gaba da zuwa. Wanda zai sa Ubuntu ko Linux Mint babu ruwansa da wannan dokar, kuma mai koyon kodin ƙaruwa ma zai yi a can. Ya dai san tsohuwa ya saya, ya kuma biya kuɗin tsohuwa.

Waɗanda suka ɗan waye a cikinmu sun bar zancen i7, sun koma "gig nawa ne sifid ɗinta?" Su ma da sauransu. Pentium 4 ta kai 3.8 GHz tun 2004, Core 2 Duo da ta zo a 2006 ba ta kai ta yawan bugu ba amma ta bar ta a baya, domin aikin da take gamawa a kowane bugu ya fi yawa. Gwada GHz da GHz ba ya da amfani sai tsakanin 'yan gida ɗaya, zubi ɗaya. Sannan lambar nan da ake rubutawa da manyan baƙi, irin 4.7 ko 5.0, gudun ɗan lokaci ne, firosesa tana yin sa muddin jikinta da sanyi. Harafin ƙarshe ya fi wannan lambar faɗin gaskiya. Mai U an yi ta ne ta sha wajen wat 15 don batir ya daɗe. Mai H wajen wat 45 take sha, ta fi ƙarfi, ta fi zafi, ta fi zuƙe batir.

Zafi kuwa nan ne gidansa. Firosesa idan ta doshi digiri 100 rage gudu take yi da kanta don kada ta ƙone, kuma wanda ya zana laftof ɗin bai san Afrilun Kano ko na Sakkwato ba, inda a inuwa ma ake haura digiri 40. Mu kuma me muke yi? Mu ɗora ta a kan katifa, ko filo, ko bargo, daidai inda ƙofofin iskarta suke, mu kishingiɗa muna kodin. Hunturu ya zo ya cika fanka da ƙura, shekara uku ba a buɗe ta ba, man da ke tsakanin firosesa da ƙarfen sanyaya ya bushe ƙamas. Fanka ta riƙa kuka, kwamfuta ta riƙa rarrafe, mu ce ai firosesar ce ta yi mana kaɗan, mu fara tara kuɗin wata. Alhali mai gyara zai hure ta ya sa sabon mai a kan kuɗin da bai taka kara ya karya ba. Siririyar nan mai kyan gani da muke rububi, wadda ba ta da wurin shan iska, ita ce ma ta fi saurin sarewa. Ni na fi yarda da i5 a jiki mai kauri da fanka ta gaske a kan i7 da aka matse a siririn jiki.

Tambayar da ya kamata a fara yi ita ce wadda ba ma yi: me za ka rubuta? Domin kodin ba abu ɗaya ba ne. Mai koyon HTML da CSS da JavaScript, ko wanda ya fara Python, kusan duk kwamfutar da ke iya buɗe burauza da VS Code ta ishe shi. Mai yin manhajar Android shi ne a cikin wahala: Android Studio nauyi gare ta, Gradle idan ya fara haɗa aiki sai ya kwashe duk abin da ya samu, ga kuma emuleta, wayar ƙaryar nan da ake kunnawa a cikin kwamfuta. Mai aiki da Docker, ko mai kunna Linux a cikin Windows, shi ma na'urori yake tarawa a cikin na'ura ɗaya. Masu cewa AI za su yi kuwa yawancin nauyinsu a kan katin girafik yake, kuma gara mai koyo ya ara a Google Colab da ya sayar da filin gado.

Sai wani ya ce to a sayi mai cibiyoyi da yawa a huta. Da haka ne da an huta. Ka duba wurin gini. Idan mota ta kawo bulo, leburori goma sun fi biyu saurin saukewa, kowa ya ɗauki nasa. Amma idan aka zo zuba linta, wadda sai an ɗaura rodi, an kafa katako, an zuba kankare, an jira ya bushe, ko lebura ɗari ka tara tsayawa za su yi suna kallo. Haɗa babban aiki mai dubban fayiloli, ko gudanar da gwaje-gwaje, ko tayar da kwantenonin Docker da yawa, duk sauke bulo ne, yana rabuwa. Amma yawancin abin da JavaScript ke yi a shafi ɗaya, da saurin da edita ke amsa maka kana rubutu, linta ne, gudun cibiya ɗaya suke jira. Wani masani mai suna Gene Amdahl ya yi wannan lissafin tun 1967: ɓangaren da ba ya rabuwa shi ke yanke iyakar ribar ƙarin cibiyoyi. Idan rabin aikin ba ya rabuwa, ko cibiya dubu ka zuba ba za ka wuce ninki biyu ba.

Akwai ɗan'uwanmu da ba ya gajiya da ba mu labarin Linus Torvalds, mai Linux, wanda a 2020 ya bar Intel ya koma Threadripper 3970X mai cibiyoyi 32, ya ce gwajin haɗa aikinsa ya ninka sauri sau uku. Gaskiya ne an yi haka. Amma shi abin da yake haɗawa layuka ne sama da miliyan 25. Ɗan'uwan namu kuwa shafin sayar da turaren wuta da humra yake yi wa yayarsa. Ga yawancinmu cibiyoyi shida na zamani, ko takwas ga wanda aikin ya fara biya, sun isa har da saura. Daga zubi na 12 ma sai an ƙara lura, domin Intel ya fara gauraya manyan cibiyoyi masu ƙarfi da ƙanana masu tsimin wuta. Za a ce maka i5-1235U cibiyoyi 10 gare ta, amma biyu ne manya, takwas ƙanana. Ba aibu ba ne, ƙananan suna ɗauke ayyukan bayan fage, amma kada ka je kana cika baki wai ka fi mai Ryzen 7 mai manya takwas.

Yanzu ga babban laifinmu. Muna juye kuɗin duka a kan suna, mu bar sauran kayan ciki a tsiyace. Sau nawa ka ga i7 da RAM 4GB da tsohon hardis mai juyawa? Kuma mu ne sarakan haɗa ayyuka. Chrome a buɗe da shafuka talatin, rabinsu Stack Overflow ne da aka buɗe tun makon jiya ana tsoron rufewa. WhatsApp a gefe, YouTube na koyar da darasi, ga VS Code, wanda shi kansa a kan injin Chromium aka gina shi, wato wata burauzar ce a ɓoye. Ga Google Meet ana ganawa da mai aiki, sannan a ce emuleta ta tashi. Abin da ke fara ƙarewa a nan RAM ne. Idan ya cika, Windows sai ta fara kwashe kaya tana kaiwa faifan ajiya tana ɗaukowa. Hardis mai juyawa abin da yake bayarwa a daƙiƙa bai fi MB 100 da 'yan kai ba, SSD ta SATA wajen 500, NVMe kuwa tana kai 3,000 har ta wuce. Firosesar zama take yi tana jira, ko da i9 ce.

Ba sai an yi musu ba, kwamfutar da kanta za ta ba da shaida. Lokacin da ta fara maƙalewa a danna Ctrl da Shift da Esc, a shiga Performance. Sau da yawa za a tarar CPU na hutawa a kashi 20 ko 30, Memory ta haura 90, Disk kuma ya ƙame a 100. Mutuminmu yana kallon wannan da idonsa zai ce, "Ni dai da i9 ce da ba haka ba."

A ganina duk wanda kuɗinsa ke da iyaka, wato dukkanmu, ya sauko da firosesa mataki ɗaya ya zuba rarar a sauran. i5 daga zubi na 8 zuwa sama, ko Ryzen 5 irin su 4500U da 5600U, da RAM 16GB, da SSD, ta fi i7 mai 8GB da hardis, nesa ba kusa ba. Kuma kafin a biya a tambaya: RAM ɗin ana cirewa, ko a liƙe yake da bod? ThinkPad T480 da EliteBook 840 G5 suna da gurbi biyu, yau ka sa 8, in Allah ya hore ka ƙara. Da yawa daga cikin sirara kuwa a liƙe yake, yadda ka same ta haka za ku rabu. Firosesar laftof ta zamanin nan ita ma a liƙe take, don haka zancen "in na samu kuɗi zan ɗaga ta zuwa i7" a bar shi.

Wani abin takaicin ma ko kwabo ba ya ci. Emuleta ko Docker su ƙi tashi, su rubuto dogon Turanci da ja, yaro ya yanke hukuncin kwamfutarsa ba za ta iya ba, ya kai ta kasuwa a yi masa musaya da ciko. Alhali wani saiti ne a BIOS, VT-x a Intel, SVM a AMD, wanda wasu kwamfutocin ke zuwa da shi a kashe. Wanda ya karɓi musayar ya kunna shi cikin minti biyu, ya sayar wa na gaba da riba.

Iyayenmu kuma nasu salon daban. Baba zai ce shi ba zai saya wa 'yarsa gwanjon Turawa ba, sabuwa dal yake so, a kwali, da ledarta. Sai a kawo masa sabuwar, mai Celeron N4020, cibiyoyi biyu, RAM 4GB a liƙe. Ka ce, "Baba, da an duba ta hannun nan, ta fi wannan ƙarfi." Ya dube ka sama da ƙasa ya ce, "Kai dai ba ka son ganin sabon abu a hannun ƙanwarka." Sai ka ce Allah ya sa albarka, ka ja bakinka. Bayan 'yan makonni ita ƙanwar ce za ta same ka a gefe: "Yaya, wai me ya sa in na buɗe Android Studio sai in je in ɗora girki in dawo ba ta gama ba?"

Masu haɗa kwamfutar tebur su ne 'yan gayun majalisa, kuma a lissafi suna da gaskiya. Kuɗi ɗaya ya fi sayen ƙarfi a tebur, iska ta fi shiga, komai ana canzawa. Soket ɗin AM4 na AMD ya ɗauki Ryzen tun daga ta 2017 har jerin 5000, da yawa sun canza firosesa ba su canza bod ba. Sai dai lissafin da suke kwafowa daga bidiyon Amurkawa babu zancen wuta a cikinsa. i9-13900K mai cibiyoyi 24 tana iya jan wat 253 ita kaɗai idan aiki ya yi aiki, ban da katin girafik da allo. Ryzen 5 5600 mai cibiyoyi 6 wat 65 aka rubuta mata. A Afrilun 2024 kuɗin wutar Band A ya haura naira 200 kowane yunit, mu kuma da ba ma Band ɗin komai muna kan inbata da sola da janareto, inda wannan bambancin ke komawa batir da fanel da fetur. Laftof kuwa da batirinta take zuwa, an ɗauke wuta ba ka rasa layin da kake rubutawa ba.

Su ma ba su tsira daga haruffa ba. Mutum ya ga i5-12400F ta fi 12400 araha, ya yi murna ya ɗauko, ya haɗa komai, ya kunna, allo baƙi ƙirin. F na nufin babu girafik a cikinta, sai ka sayi kati daban. Ryzen 5 5600 ma haka take, mai G a ƙarshe ce ke nuna hoto da kanta. Sannan manyan firosesocin tebur na Intel, zubi na 13 da 14, sun yi matsalar da kamfanin da kansa ya amsa a 2024: wuta tana yi musu yawa har su lalace a hankali, kwamfuta ta riƙa mutuwa ana tsaka da aiki. An fitar da gyara ta BIOS, an ƙara garanti na shekara biyu, amma gyaran rigakafi ne, ba ya warkar da wadda ta riga ta taɓu. Wanda ya sayi sabuwa da rasit a Amurka zai mayar a canza masa. Wanda ya saye ta ta hannu a nan, wa zai mayar wa?

Sai 'yan MacBook, waɗanda ba sa zama sai sun juya tambarin ya kalli jama'a. Gaskiya dai a faɗe ta: tun da Apple ya fito da M1 a Nuwamban 2020, MacBook Air ɗin da ko fanka ba ta da ita tana haɗa aiki da gudu, kuma batirinta na iya kai mutum yini, wanda a garin da wuta gaisuwa kawai take zuwa ba ƙaramin abu ba ne. Mai son yin manhajar iPhone ma dole ya bi ta nan, Xcode a macOS kaɗai yake aiki. Amma RAM ɗinta ba ya ƙaruwa, mai 8GB a haka zai dawwama, in kuma bod ya taɓu sai addu'a. Wanda ya fi ba ni tausayi shi ne wanda ya kwashi kuɗin i5 mai kyau ya sayo MacBook ta 2015 ko 2017 mai Intel a ciki, don dai tambarin. Apple ya riga ya sanar a 2025 cewa macOS Tahoe ce ta ƙarshe da za ta hau kan masu Intel, waɗancan kuwa ko ita ba su samu ba.

A shago kunya ce ke cin mu. Mu duba ko murfi ya karce, mu danna madannai biyu, mu tambaya ko za a ba mu jaka da maus kyauta. Sitika kuwa ana sayar da ita, kowa na iya liƙawa. Abin yi bai fi na kwata ɗaya ba: a kunna, a buɗe Task Manager, a karanta cikakken sunan firosesar har harafin ƙarshe, a ga lambar da ke gaban Cores, a duba RAM da irin faifan da ke ciki. A buɗe bidiyo da shafuka da yawa a bar ta ta ji jiki, a kai hannu bakin iska, a saurari fanka, a zare caja a ga yadda batir ke sauka. Mai shago zai ɓata rai ya ce, "Haba Malam, ba ka yarda da ni ba ne?" Amsar ita ce, "Na yarda da kai, Alhaji, ita ce ban sani ba." In an daidaita, ya rubuta cikakkiyar lambar a rasit tare da kwanakin garanti.

Akwai kuma wanda ya fi mu duka sanin abin. Ya haddace lambobin nan kaf, ko daga barci aka tashe shi zai gaya maka bambancin Zen 3 da Zen 4, amma bai taɓa sayen ko ɗaya ba. Kullum jira yake. Da can yana jiran zubi na 12 ya sauko, da ya ɗan sauko sai ya ce ai na 13 ya fito, wauta ce a sayi tsoho. Yana cikin jira aka saki naira a Yunin 2023, dala ta tashi daga wajen 460 ta haura 1,500 a shekarar da ta biyo, kuɗin da ya tara ya koma na caja da jaka. Yanzu dala yake jira ta sauko. Kafin nan duk Asabar yana zuwa aron ta maƙwabcinsa, i5 'yar zubi na 8, ya yi aikinsa tsaf, ya dawo da ita da yamma yana cewa gaskiya tana da nauyi, ya kamata a canza ta.